Malam Aminu Kano: Ɗan adawa a Arewa, ɗan gwamnati a Legas

A ƙarshen watan Disamban 1959, magoya bayan jam'iyyar NEPU a garuruwa irin su Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun wayi gari cikin wani hali mai ɗaure kai. Jagoransu, Malam Aminu Kano, ya ci zaɓe a karon farko bayan shekaru yana shan kaye, zai tafi Majalisar Wakilai a Legas.

Sai dai ba a layin 'yan adawa zai zauna ba. Kujerarsa tana ɓangaren gwamnati, kafaɗa da kafaɗa da wakilan NPC, jam'iyyar da saboda adawa da ita ake gurfanar da mutanensa gaban alƙali a gida.

Malam bai sauya sheƙa ba, bai kuma ajiye aƙidarsa ba. Tsarin mulkin wancan lokaci ne ya kai shi can, wato tsarin firaminista irin na Birtaniya, inda jam'iyyar da ba ta da rinjaye sai ta nemi abokan tafiya kafin ta kafa gwamnati. A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin komawa wannan tsari, suna cewa ya fi araha kuma ya fi sa shugabanni jin tsoron majalisa. Duk mai son ya san yadda tsarin ya kasance a ƙasar Hausa, rayuwar Malam Aminu ta ishe shi madubi.

Daga Sudawa zuwa Maru

An haife shi ranar 9 ga Agustan 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusuf, malami ne daga zuriyar Gyanawa, gidan da ya yi suna wajen ilimin shari'a da alƙalanci. Wato Aminu ba daga wajen tsarin sarauta ya taso ba. A cikinsa ya buɗe ido, ya ga yadda ake naɗa wani a hana wani, ya san inda gizo ke saƙa.

Ya yi firamare a Shahuci, ya yi Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta. Ɗaya Malam Sa'adu Zungur ne, mai kaifin harshe da alƙalami, wanda ya zama ubangidansa a tunani. Ɗayan kuwa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali, wanda shi ma yake ganin gyara ya zama dole amma a bi a hankali. A zaurukan muhawarar Bauchi na shekarun 1940 suka saba da juna. Babu wanda ya san wata rana ɗaya zai zama Firaminista, ɗayan kuma mai tattaro masa ƙuri'un 'yan majalisa.

A 1946 Aminu ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Turawan mulki sun ga wannan malami ya fara yi musu yawa a Bauchi, sai aka tura shi Maru, a Lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horon malamai.

Maru a lokacin ƙauye ce a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Idan manufar ita ce a nesanta shi daga siyasa, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zamansa a can, daga 1949 zuwa 1950, ya nuna masa mulkin En'e a inda ya fi ƙarfi. En'en Sakkwato, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ita ke riƙe da ƙasar Zamfara gaba ɗaya: hakimai nata ne, alƙalai nata ne, 'yan doka da gidan yari nata ne, haraji da jangali kuma baitulmalinta suke shiga. Manomin da ke ganin an zalunce shi, wurin wanda ya zalunce shin zai kai ƙara, ko wurin ubangidansa.

Yana Maru aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Shi ya sa ba a ganin sunansa cikin mutum takwas da suka kafa ta, irin su Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, domin har lokacin ma'aikacin gwamnati ne. A watan Nuwamban shekarar ya ajiye aiki ya koma Kano. Zuwa 1953 ya zama shugaban jam'iyyar, bai kuma sauka ba har aka rushe ta.

Inda jirgi ya tsaya

Me ya sa wannan yanki na arewacin Zamfara, mai nisa da Kano, ya karɓi kiran Sawaba?

Amsar farko layin dogo ne. A 1929 titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da Shinkafi da kewaye nan suke taruwa kafin a yi Kudu da su. Inda kaya suke taruwa kuwa mutane na taruwa: dillalai, 'yan kamasho, teloli, mahauta, direbobi, leburori, da baƙi daga Kano da Zariya da Kudu. Waɗannan mutane ne da abincinsu bai rataya ga albashin En'e ba, saboda haka bakinsu ya fi sakewa. Jirgin da ke kwasar gyaɗa shi ke kawo jarida da labarin abin da aka faɗa a lacca a Kano.

Amsa ta biyu tsohon tarihi ne. Ƙauran Namoda da Zurmi garuruwa ne na Alibawa, waɗanda kakanninsu suka taka rawa a jihadi, har da yaƙin da ya kai ga cin Alƙalawa a 1808. Mutanen yankin suna da jin kansu, kuma ba kowa ne ke jin daɗin a riƙa yanke musu hukunci daga Sakkwato ba. Sardauna Ahmadu Bello kansa ya san wannan ƙasa ciki da waje, domin a 1938 an tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin lardin.

Sai kuma batun ɗarika, wanda ya fi kowanne zafi. Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyass ta bazu ta hanyar 'yan kasuwa a garuruwan layin dogo, fadar Sakkwato kuwa Ƙadiriyya ta gada. A 1949 hukumomin Sakkwato sun sa an rushe wasu masallatan 'yan Tijjaniyya a lardin, ciki har da Gusau da Ƙauran Namoda. A 1956 an yi arangama har da asarar rai a gundumomin Isa da Zurmi, a lokacin da Shinkafi take cikin ƙasar Isa. A idon hukuma, mai ƙabalu a wannan yanki ɗan NEPU ne, ko ya yanki kati ko bai yanka ba. Da yawa kuma da suka ga an riga an yi musu wannan kallo, sai suka yanki katin.

Abin lura, a Kano lamarin akasin haka yake. Sarki Muhammadu Sanusi jigo ne a Tijjaniyya kuma jigo ne a NPC. Ke nan ba ɗarika ce ta haifi adawa ba. A kowane wuri, wanda yake jin an danne shi yana neman inuwar da zai fake, a Lardin Sakkwato kuwa inuwar nan tauraron NEPU ce. Haka Gusau da Ƙauran Namoda suka shiga jerin wuraren da jam'iyyar ta fi ƙarfi a lardin da ake ɗauka gidan Sardauna ne.

A ci a ƙasa, a faɗi a sama

Zaɓen farko da NEPU ta shiga, na 1951, ba kai-tsaye aka yi shi ba. Hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai matakin lardi inda ake fitar da 'yan majalisa. A mataki na ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen. A birnin Kano NEPU ta yi rawar gani a matakan farko, amma da aka kai sama ko mutum ɗaya bata tsira da shi ba. A tsakiyar wannan zaɓe ne, a watan Oktoban 1951, aka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa cikakkiyar jam'iyyar siyasa, wato NPC.

Malam ya fahimci cewa jam'iyyar talakawa ba za ta iya ita kaɗai ba. Ana buƙatar kuɗin mota da na buga takardu, ana buƙatar lauyoyi, ana buƙatar jaridun da za su kai kuka Legas da Landan. A 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Ƙawancen ya kawo taimako, ya kuma ba NPC makami: a kowane dandali sai a ce wa jama'a 'yan NEPU 'yan koren Kudu ne, masu son sayar da Arewa.

Shi kansa Malam faɗuwa ya riƙa yi. A zaɓen tarayya na 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi. A zaɓen majalisar Arewa na 1956 Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi.

Lissafin Disamban 1959

Zaɓen 12 ga Disamban 1959 shi ne na farko da aka yi kai-tsaye a duk faɗin Arewa, kuma shi zai fitar da gwamnatin da za ta karɓi 'yanci. Maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa, duk da cewa mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan haƙƙi. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara. Cif Obafemi Awolowo na jam'iyyar AG har da jirgi mai saukar ungulu ya yi yawon neman ƙuri'a a ƙauyukan Arewa.

Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 daga ciki a Arewa. NPC ta samu 134, NCNC ta samu 81, ƙawarta NEPU ta samu 8, AG da ƙawayenta suka samu 73, sauran 16 suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu suka jingina da NPC.

A nan akwai abin da masu sha'awar wancan tsari ya kamata su tsaya su duba. NEPU ta samu ƙuri'a kimanin rabin miliyan, ta tashi da kujera 8. NPC ta samu ƙuri'a kusan miliyan 2, ta tashi da 134. Ƙuri'un NPC sun ninka na NEPU kusan sau huɗu, amma kujerunta sun ninka fiye da sau 16. Dalili shi ne a kowace mazaɓa wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe komai. Ɗan NEPU da ya jefa ƙuri'a a mazaɓar da ɗan takararsa ya zo na biyu, ko da tazarar ƙuri'a ɗari ce, tamkar bai fito ba.

Ana buƙatar kujera 157 kafin a ce an samu rinjaye, kuma babu jam'iyyar da ta kai. Idan aka haɗa NCNC da AG kaɗai, 154 ke nan, ba su isa ba. Idan aka ƙara kujerun NEPU takwas, sun zama 162. Wato a kan takarda, ana iya kafa gwamnatin da babu NPC a ciki, kuma 'yan kujerun Malam Aminu ne za su cike giɓin. Awolowo ya nuna a shirye yake ya yi aiki a ƙarƙashin Azikiwe.

Hakan bai yiwu ba. Tsakanin Azikiwe da Awolowo akwai tsohuwar rashin yarda tun rikicin majalisar Yamma na farkon shekarun 1950. Akwai kuma tsoron cewa idan jam'iyyun Kudu biyu suka haɗe kai suka bar jam'iyya mafi girma a waje, shugabannin Arewa na iya cewa sun fasa zaman tare. Gwamna Janar Sa James Robertson bai ma jira an gama ciniki ba, ya kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. NCNC ta zaɓi tafiya da NPC. Aka raba ministoci, NPC 10, NCNC 7. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna Janar a Nuwamban 1960. Awolowo ya zama jagoran adawa.

NEPU fa? Ba da ita aka yi cinikin ba, amma da yake tana ɗaure a ƙugun NCNC, inda uwa ta shiga nan ɗa ya bi. Malam Aminu, wakilin Kano ta Gabas, ya zama Mataimakin Bulaliyar gwamnati a majalisa.

Bulala biyu

Aikin bulaliyar majalisa a tsarin firaminista ba ƙarami ba ne. Gwamnati tana rayuwa ne muddin tana da rinjaye a zauren. Ranar da ta faɗi a wata muhimmiyar ƙuri'a, kamar ta kasafin kuɗi, ranar ta fara haɗa kayanta. Saboda haka dole a samu masu bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, su tabbatar kowa ya zo, kuma ya jefa ƙuri'a inda aka ce. Wannan aiki aka ba mutumin da ya shafe shekara tara yana faɗa wa talakawa cewa NPC ce matsalarsu. Ministocin da yake tsare wa rinjaye sun haɗa da Muhammadu Ribaɗu da Shehu Shagari da Inuwa Wada, wanda danginsa ne na Gyanawa, da Maitama Sule da ya kayar da shi a 1954.

Masu kare matakin suna da hujjarsu. Ficewa daga ƙawancen NCNC na nufin rasa kuɗi da lauyoyi a lokacin da ake tsananin buƙatarsu. Zama a ɓangaren gwamnati ya ba Malam damar shiga ofishin Firaminista, tsohon abokinsa na Bauchi, ya kai koken mutanensa. Ya kuma samu fagen da ya dace da basirarsa a harkokin waje, har ya shiga tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Amma ga inda matsalar take. Abubuwan da suke ci wa ɗan NEPU tuwo a ƙwarya ba a hannun Legas suke ba. Izinin yin lacca, En'e ke bayarwa. Wanda zai kama ka idan ka yi ba izini, ɗan dokan En'e ne. Wanda zai yanke maka hukunci, alƙalin En'e ne, kuma lauya ba ya tsayawa a kotunsa. Gidan yarin da za a kai ka na En'e ne. Wanda zai yanka maka haraji, mai unguwa ne da dagaci da hakimi. Dukkan waɗannan suna ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna, inda Sardauna yake Firimiya, kuma a Kaduna babu wata gwamnatin haɗaka. NPC ce kaɗai.

Shi ma Sardauna ya san inda ƙarfi yake. A al'adar wannan tsari, shugaban jam'iyya mafi rinjaye ne ke zama Firaminista. Shi kuwa ya zaɓi zama a Kaduna, ya bar mataimakinsa a jam'iyya ya tafi Legas.

Saboda haka bulala ta zama biyu. Ɗaya tana hannun Malam a zauren majalisa, ta suna ce kawai. Ɗayar tana hannun dogari a ƙofar hakimi, ita kuwa ta gaske ce, kuma takan sauka a gadon bayan mai tauraro a ƙirji. Tela a Ƙauran Namoda ko ɗan koli a kasuwar Shinkafi yana iya tambaya: in dai Malam na cikin gwamnati, wa nake yi wa adawa, kuma don me nake shan wuya? Abokan hamayya ma ba su bar wannan dama ta wuce ba.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A zaɓen majalisar Arewa na watan Mayun 1961, cikin kujeru 170 NPC ta kwashe 160, AG da ƙawayenta suka samu 9, NEPU ta tsira da ɗaya tak. Matsin lamba ya taka rawa, sauya sheƙar waɗanda suka gaji ma ta taka, amma da wuya a ce ruɗanin zama gwamnati a can da adawa a nan bai sanyaya gwiwar magoya baya ba.

A Legas ma ƙasa ta fara zamewa. 'Yan majalisa suka riƙa tsallakawa zuwa NPC har ta kai ga samun rinjaye ita kaɗai. Abokin haɗakar da ba a buƙatar ƙuri'arsa kuwa, baƙo ne da ake jira ya yi sallama. NCNC ta taya NPC karya AG: an sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a Mayun 1962, an ɗaure Awolowo a 1963, an yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga cikinta a shekarar. Sai da aka gama sannan NCNC ta lura saura ita.

Rabuwar 1964

Ƙidayar jama'a ce ta kashe auren. An soke ta 1962 saboda gardama, aka sake a 1963. Da aka fitar da sakamako a Fabrairun 1964, Najeriya ta tashi da mutum miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8. Da yake da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa, wannan na nufin Arewa za ta ci gaba da riƙe fiye da rabi. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya yi fatali da alƙaluman.

Kafin nan 'yan adawar Arewa sun riga sun haɗa kansu a wata inuwa mai suna NPF. A ciki akwai NEPU, da UMBC ta Joseph Tarka, da jam'iyyar KPP da magoya bayan Sarki Sanusi suka kafa bayan an tilasta masa murabus a 1963, da kuma wata ƙaramar jam'iyya daga wannan yanki, ZCP, ta talakawan Zamfara. Ko sunanta kaɗai ya isa shaida cewa ƙorafin Zamfarawa ya kai matsayin da suka ga sai sun yi tasu tutar. Haɗuwar NEPU da mutanen Sanusi kuwa, sarkin da 'yan NEPU suka fi shan wuya a zamaninsa, ta nuna yadda neman abokin tafiya ke sa a haɗiye abin da ba a so.

NPF ta shiga babban ƙawancen UPGA tare da NCNC da AG. NPC kuma ta haɗa nata, NNA, tare da NNDP ta Cif Samuel Akintola. Abin mamaki, ministocin NCNC suna nan a majalisar ministocin Tafawa Ɓalewa yayin da jam'iyyarsu ke yawon neman a kayar da shi.

Zaɓen 30 ga Disamban 1964 ya lalace tun kafin ranarsa. A mazaɓu fiye da 60 na Arewa an ce 'yan takarar NPC sun wuce babu hamayya, 'yan adawa kuwa suka ce an hana su miƙa takardu ne, wasu an tsare su, wasu an nemi jami'in zaɓe an rasa. UPGA ta ce a ƙaurace wa zaɓen, amma umarnin ya zo a makare: ya yi aiki sosai a Gabas, a Arewa kuwa an buɗe rumfuna an ƙirga ƙuri'a. NPC ta samu 162 cikin kujeru 167 na Arewa. 'Yan kujerun da adawa ta tsira da su yawanci a ƙasar Tibi suke. Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

Kwanaki Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi yana ƙin kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ranar 4 ga Janairun 1965 aka sasanta: za a kafa gwamnati mai faɗi, a sake zaɓe a inda ba a yi ba. Bayan zaɓen cike giɓi na watan Maris, NCNC ta koma ta karɓi kujerun minista. A 1959 ta ja NEPU cikin gwamnatin da NEPU ba ta nema ba. A 1965 ta koma gwamnati ta bar NEPU a waje, ba kujera, ba muƙami, magoya baya kuma suna hannun waɗanda suka yi wa adawa.

Shekara guda bayan haka, ranar 15 ga Janairun 1966, sojoji suka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola da wasu. A watan Mayu Janar Ironsi ya haramta jam'iyyu gaba ɗaya.

Abin da ƙuri'a ta kasa kawowa

A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ya kuma jawo 'yan siyasa cikin gwamnatinsa. Malam Aminu ya zama Kwamishinan Sadarwa na tarayya, daga 1971 kuma na Lafiya, har zuwa 1974. A waɗannan shekaru ne aka ƙwace kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka mayar da gidajen yari hannun tarayya, aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. Abin da NEPU ta shafe shekara 15 tana nema a akwatin zaɓe, da dokar soja ya zo. Haka ma 'yancin jefa ƙuri'a ga matan Arewa, a zamanin soja aka tabbatar da shi.

Lokacin da aka zo mayar da mulki ga farar hula, Malam yana cikin majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda ta amince a yi watsi da tsarin firaminista a ɗauki na shugaban ƙasa irin na Amurka. Ya fara tafiya da ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN, amma da ya ga matsayin da aka tanadar masa da mutanensa, ya fice ya kafa PRP a 1978. A zaɓen 1979 ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 1.7 a takarar shugaban ƙasa da Shehu Shagari ya lashe. PRP ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali.

Batun ƙawance ya sake biyo shi har nan. Gwamnonin nasa biyu suka fara zama da takwarorinsu na UPN da GNPP domin haɗa ƙarfi a kan NPN. Malam ya ƙi, ya ce jam'iyya ba ta ba da izini ba. Wasu na ganin wanda maciji ya taɓa sara ne, in ya ga tsumma sai ya gudu: ya riga ya ɗanɗani zama ƙaramin abokin tafiya a jirgin da wani ke tuƙi. Ɓangaren gwamnonin kuwa zarginsa suka yi da sassauta wa NPN. Jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Taɓo tare da Malam, 'yan Santsi tare da gwamnoni. A Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa.

Malam yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya. Ya rasu ranar 17 ga Afrilun shekarar, wata huɗu kafin zaɓe, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mumbayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ƙasar Zamfara da ya koyar a cikinta ta samu jiharta ranar 1 ga Oktoban 1996, shekara 13 bayan rasuwarsa, ita ma a hannun gwamnatin soja.